Mai Caji da Mai Hayaƙi

Lahadi, da an sallame asuba,
muka taru a ƙarƙashin gadar Kwangila,
mu goma sha ɗaya har da Tanimu
wanda ba ya zuwa sai an ɗauraye kofin shayi.

Shida masu hayaƙi, biyar masu caji.
Tawa Besfa ce, ta girmi ɗana na fari.
Sai na daka mata ƙafa sau bakwai kafin ta yi tari,
ta tashi da mita, kamar tsohuwar da jika ya taka wa tabarma.
Lawandi ɗan maɓalli kawai ya danna.
Ba ƙara, ba wari, wata 'yar fitila koriya ta buɗe ido.
Ya ce, "Baba Barau, nawa ka sayi lita?"
Na ce, "Kai fa, wuta ta kwana a unguwarku?"

Masu caji suka shige gaba,
suna sulalewa kamar tarwaɗa a Kubanni.
Wata akuya a Tudun Wada ba ta san Saratu ta zo ba
sai da gefen gyale ya shafi kunnenta.
Mu kuwa tun daga Agoro gari ya san muna tafe,
mai ƙosai ta kife faifai a kan kwano,
ta raka mu da harara har Ƙofar Doka.

Bayan Wusasa, inda kwalta ta gaji,
Kufena ya tsaya a gabanmu da faɗin kafaɗarsa.
A nan fitilar Lawandi ta koma ja.
Na ga ƙeyarsa ta jiƙe, yana taka feda,
keken da ya fi buhun masara nauyi.
Ban ce uffan ba.
Na matso, na ɗora ƙafar dama a kan kariyarsa,
Besfa ta yi nishi, ta ɗauke mu mu biyu.
Ban ce uffan ba, amma haƙorana duk a waje suke.

Dariyar ba ta kai gindin dutse ba.
Tsohuwa ta yi tari, ta shaƙe, ta yi shiru.
Ɗan bumburutun da ya kira ni Alhaji jiya
ashe rabin galan ɗinsa daga rijiya ya ɗebo.

Kowa ya kashe injinsa.
Ishaya ya ciro tiyo, ya zuƙi tankinsa, ya tofar,
ya ce bakinsa zai kai Laraba yana warin gareji.
Saratu ta miƙo mini nata keken:
"Baba, ɗana, kafin su gama fiɗa."

Na hau.
Na ji yashi yana magana a ƙarƙashin taya.
Na ji kurciya, na ji taɓarya a wani gida can nesa,
ƙararrawar coci tana biyo bayana daga Wusasa,
har ƙas-ƙas ɗin gwiwata ta hagu.
Shekara talatin ina bin hanyar nan,
ban taɓa sanin tana da murya ba.
Na juyo a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai a hula.

Lawandi ya jona nasa a shagon wani mai aski
da ya shanya faifan sola a kan kwano.
Muka ci rake, muka jira rana ta cika masa ciki.
Ya ce, "Baba, yaya ka ji?"
Na ce, "Ba laifi. Sai dai ba ya gaida mutane."

Na koma wurin tsohuwata,
na share mata ƙura da hannun riga.
Ɗaya, biyu, har bakwai, ba ta kula ni ba.
Ta ga inda na je.
Sai a ta takwas.